Babi na uku: Naziri ko azumin Yom Kifur?

Hauwa_K: Salamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri kan kame kai da tsarki a addinin Yahudawa. Malamina ya ce misali ɗaya tak zan gina babi na uku a kansa. Alwashin Naziri (mai keɓe kansa ga Allah) zan ɗauka ko azumin Yom Kifur (Ranar Kafara)? Mako biyu ya rage min.

Malam Bitrus: 'Yata, ɗauki Naziri. Littafin Ƙidaya na Attaura, sura 6: ba giya, ba inabi ɗanye ko busasshe, ba aski, ba kusantar gawa ko ta mahaifi ce. In bai faɗi wa'adi ba, Mishna, kundin dokokin malaman Yahudawa na dā, ta ce kwana 30 ne. In ya gama sai ya kai hadayu, ciki har da ta zunubi. To wane zunubi? Rabbi Elazar Hakafar ya ce na hana kansa giyar da aka halatta masa. Ramban (1194–1270), mai sharhin Attaura, ya ce a'a, zunubin shi ne sauka daga matsayin. Babinki ke nan.

Dan Fagge: Mu da ba mu taɓa sha ba, aski ne kawai ya hana mu zama Nazirai 😂

Sani Falsafa: Malam, ka fara daga tsakiya. Tushen yana Littafin Firistoci 19:2, "ku zama tsarkaka". Rashi, shi ma mai sharhin Attaura, ya ɗauke shi a kan nisantar alfasha. Ramban ya faɗaɗa: mutum na iya cika cikinsa da halal har ya zama ashararu da izinin Attaura. Maimonides, wani babban malamin Yahudawa, kuma ya hana mutum ƙaurace wa nama, giya da aure, ya ce matsakaiciyar hanya ce daidai.

Malam Bitrus: Babi ɗaya aka ba ta, Sani, ba digiri na uku ba.

Rakiya M.: Ba wanda ya taɓo Yom Kifur. Kusan awa 25 ne, an hana ci da sha, wanka, shafa mai, takalmin fata da saduwa. Ana yin sa duk shekara. Naziri kuwa, tun da aka rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya babu inda zai kai hadayar fita, wanda ya yi alwashin yau ya ɗaure kansa har mutuwa.

Sani Falsafa: Duk wanda ta zaɓa, a wurin kare kundi wani zai ce ta kwatanta da zuhudu, alhali ɗakin karatun ko fassarar Mishna ɗaya babu.

Dan Fagge: Shafin intanet na Sefaria na da ita kyauta.

Rakiya M.: Kyauta ina? Data fa, da wutar cajin waya? Kuma akwai malaman da ba sa karɓar madogara daga intanet.

Hauwa_K: To wanne zan ɗauka?

Sani Falsafa: Malamin naki yana karɓar na intanet?