Turbarmu ta zama kwazazzabo, ta ina za mu fara gyara kafin damina?

Ɗan Pitowa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin hanya. Akwai turbar ƙafa da ta haɗa ƙauyenmu da titin Garwa zuwa Marwa, a yankin Pitowa da ke arewacin Kamaru, tsawonta kamar kilomita uku. Ita 'yan makaranta ke bi, ita mata ke bi da kaya ranar kasuwa, babura da amalanken jaki ma nan suke bi. Wuri huɗu ne ke damunmu. Akwai gangara ta kimanin mita 200 da ruwa ya cinye tsakiyarta, ramin ya kai gwiwa. Akwai fadama mai baƙar laka ta wajen mita 100. Akwai ɗan mayo, wato rafi mai yashi, faɗinsa mita bakwai. Sannan masu gona sun matse turbar a wasu wurare har amalanke ba ya wucewa sai ya taka shuka. Kowace shekara ana yin gayya a cike ramin da ƙasa, ruwan Agusta ya zo ya kwashe. Muna da matasa wajen 40, da diga da shebur da baro biyar, kuɗi kuwa kaɗan ne. Yanzu muna Fabrairu. Da me za mu fara?

Magini Gidar:

Wa alaikumus salam Malam. Cike rami ba tare da an canja wa ruwa hanya ba aikin baban giwa ne. Turbarku ta nutse ƙasa da gonakin da ke gefenta, shi ya sa ta zama magudana. Ruwan gonaki duka ita yake gangaro wa, kuma yawan nisan da ya yi a kanta, yawan ƙarfin da yake samu. Saboda haka ku fara daga saman gangarar, ba daga inda ramin ya fi zurfi ba.

A can sama ku haƙa lambatu a gicciye wanda zai tare ruwan tudu kafin ya hau turbar, zurfin santimita 30, faɗin 40 zuwa 50, ku kai bakinsa wurin da ke da ciyawa ko duwatsu. Daga nan sai ku yanyanka gangarar da kunyoyin dutse masu fitar da ruwa gefe. Kada a yi kunyar a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, a karkace ake yinta, kamar digiri 30 zuwa 45, ta yadda ruwa zai bi ta ya fice da yashinsa. In ta miƙe yashi ne zai taru a bayanta, ruwa biyu ko uku ta binne. Dutsen a kafa shi a tsaye, kashi biyu cikin uku a cikin ƙasa, abin da zai leƙo sama kada ya wuce santimita 10 saboda babur da amalanke. In ya fi haka tsawo masu babur za su riƙa kewaye shi ta gefe, nan kuma sabon rami zai buɗe.

Tazarar kunyoyin ta danganta da tsananin gangara. Ku nemi farin tiyo mai tsawon mita 12 wanda ake ganin ruwa a cikinsa, da sanduna biyu masu tsawo ɗaya da aka yi wa zanen santimita. A cika tiyon da ruwa, a tsayar da sandunan mita goma tsakani, a duba bambancin ruwan a jikinsu. In bambancin santimita 50 ne, kunya ɗaya a kowace mita 30 ta wadatar. In ya kai mita ɗaya, a sa a kowace mita 15. In ya wuce mita ɗaya da rabi, wurin na matakalar dutse ne, kowane taki tsayin santimita 15 zuwa 18, faɗin abin takawa aƙalla 35, a kuma nema wa amalanke wata hanya da ke kewayawa.

Shi kuwa ramin, kada a zuba masa ƙasa tsura. A fara yi masa ƙananan shingayen dutse a ciki. Kowane shinge a cusa kunnuwansa cikin bangon ramin santimita 30 zuwa 50, tsakiyarsa ta fi gefuna ƙasa, a shimfiɗa duwatsu masu faɗi a gabansa inda ruwa zai faɗo. Abu biyu ke kashe shingen nan: ruwa ya zagaya ta gefe don ba a cusa kunnuwan ba, ko ya haƙe gindinsa don babu shimfiɗa. Saman shingen ƙasa ya yi daidai da gindin wanda ke samansa. Bayan haka ne ake cikewa, a ɗaga tsakiyar turbar ta yi doro, santimita biyar a kowace mita ɗaya daga tsakiya zuwa gefe.

Mutanen duwatsun Mandara ta wajen Mokolo sun gaji irin wannan jeren dutse ba siminti, da shi suke riƙe ƙasar gonakinsu a jikin dutse. In akwai ɗayansu a kusa da ku, ku sa shi gaba a wannan ɓangaren.

Mai Awo:

Magini ya gama magana a kan gangara. Zan ƙara abu ɗaya a kan cikon, sannan in zo fadama.

Ƙasa busasshiya ba ta daɓuwa. A Maris da Afrilu duk dukan da za ku yi mata gari za ta zama, ruwan farko ya wanke ta. Ana zuba ta ne kashi-kashi, kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani. Gwajin danshi: ka dunƙula ta a hannu, in ta riƙe siffarta ba ta manne maka a tafi ba, ta yi. Madaɓi kuwa ba sai an saya ba. A zuba kankare a gwangwanin fenti, a kafa masa ƙota, nauyin kilo takwas zuwa goma. Don haka ku raba aikin biyu: tara dutse da burji da haƙa lambatu yanzu da rani, ciko da daɓe kuma bayan ruwan farko na Mayu, sai fa in kuna da amalanken da zai yi jigilar ruwa da duro. Zafin Afrilu a ƙasar Garwa yana haura digiri 40, a fito bayan asuba a tashi ƙarfe goma.

Baƙar lakar nan ita ce karal da ake dasa masakwa a cikinta. Da rani ta tsattsage, da damina ta kumbura ta yi santsi. Ba a yin fuskar hanya da ita. Ku tambayi dattawa da masu gonar wurin iyakar inda ruwa ke kaiwa a shekarar ambaliya, ku kafa turaku, ku ɗaga turbar ta haura wannan alamar da santimita 30 aƙalla. Cikin gindin za a iya yi da ƙasar wurin, amma a kanta sai an shimfiɗa yashi mai tsakuwa santimita 10, sannan burji santimita 15 bayan daɓe. Yashin ne ke hana laka tsotse burjin. In an zuba burji kai tsaye a kan karal, damina ɗaya ya nutse.

Ga lissafi don kada ku yaudari kanku. Mita 100 a faɗin mita ɗaya da rabi a kaurin santimita 15 ya ba da kubik 22 da rabi. Da yake daɓe yana rage shi, ku tara wajen kubik 28. Baro ɗaya yana cin lita 60, wato kusan baro 17 a kubik ɗaya, jimla baro 470 da ɗoriya na burji kawai. Da baro biyar, in ramin burjin ya wuce mita 200 daga wurin aiki, baro ba zai kai ku ba, amalanke za ku nema.

Kada ku manta turbar da aka ɗaga a fadama madatsa ce. In ba a bar wa ruwa ƙofa ba zai taru a gefe ɗaya ya nutsar da gonar wani, daga baya ya fasa. A bar ƙofa a kowace mita 20 zuwa 30, bango biyu na dutse, a rufe da faffaɗan dutse ko azarar giginya, don ita gara ba ta cinta da wuri. Ramin da za a ɗebi ƙasa kuma ya yi nesa da gindin turbar mita uku, kada a yi shi da zurfi saboda yara.

Ɗan Pitowa:

Allah Ya saka da alheri. Wasu daga cikinmu na cewa a jera buhunan yashi a gangarar maimakon dutse, ya fi sauri. Mayon kuma ana ta maganar a sa bututun kankare biyu a rufe da ƙasa.

Baban Radiye:

Buhun leda na gaggawa ne kawai, Malam. Rana tana cinye shi cikin 'yan watanni, kofaton jaki ya ƙarasa shi. In dole ne sai an yi da shi, a lulluɓe shi da ƙasa kada rana ta gan shi.

Bututu a mayo mai yashi kuwa ina roƙonku ku bar wannan shawarar. Mayo yana zuwa da yashi da rassan itace da karan dawa. Bakin bututun zai toshe, ruwa ya hau kan cikon ya yanke shi, a wayi gari bututun na kwance can ƙasa. Abin da ya dace da irin mayonmu shi ne radiye, wato daɓen da ke kwance daidai da ƙasan mayon, ruwa ya bi ta kansa ya wuce.

A zaɓi inda mayon ya miƙe, ban da kan kwana, don a kwana ruwa yana cin gaɓar waje. Kada daɓen ya ɗaga sama da yashin mayon. In ya ɗaga, ruwa zai riƙa faɗowa ta gabansa ya haƙe. Ƙarfin radiye yana cikin bangon da aka binne a gefunansa biyu, ba a fuskar da ake gani ba. Ta inda ruwa ke zuwa a nutsa bangon dutse da siminti santimita 60 zuwa 70, ta inda yake fita a kai mita ɗaya, kaurin 30. A gabansa a shimfiɗa manyan duwatsu faɗin mita ɗaya da rabi, in da hali a ɗaure su cikin kejin waya da ake kira gabiyon. Hawa da sauka a gaɓa biyu kada su fi mita ɗaya a cikin goma tsanani, kuma daɓen ya haura alamar ambaliya, in ba haka ba ruwa zai zagaye shi ta baya ya bar muku shi kamar tsibiri.

Mayo mita bakwai da hawa mita uku-uku ya zama mita 13. A faɗin mita biyu da kaurin santimita 15, kankare kusan kubik huɗu ke nan. Buhu bakwai na kilo 50 a kubik ɗaya, wato buhu 28, ga kuma kamar 12 na bangayen, ku riƙe 40. Kwaɓin: buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu da ba su cika ba na tsakuwa. Figil, inda masana'antar siminti take, ba nisa, siminti ba zai yi wuyar samu ba, amma kada a sayi wanda ya fara dunƙulewa. Yashin a wanke shi in da laka a ciki. Bayan zubi a rufe da ciyawa a riƙa jiƙawa safe da yamma kwana bakwai aƙalla, in ba haka ba zafin rani zai tsattsaga shi. In kuɗin bai kai ba, ku kashe simintin a bangayen biyu kaɗai, tsakiyar a jera duwatsu masu kaurin santimita 25 zuwa 30 a tsaye, a cuccusa ƙanana a tsakaninsu da guduma.

A kafa ginshiƙai a gefen, a shafa jan fenti daidai gwiwar yaro. Ruwa ya taɓa jan, ba mai shiga. Mayo yana iya cika daga ruwan da aka yi a kan duwatsu alhali ko ɗigo bai sauka a ƙauyenku ba, a nanata wa 'yan makaranta wannan.

Jikar Ardo:

Sannunku da ƙoƙari. Ni kan maganar matse turba zan tsaya, don ita ce ke wargaza gayya. Kafin diga ta taɓa ƙasa, a fita a taka turbar daga farko har ƙarshe tare da jauro, wato mai unguwa, da wakilin lawan, wato dagaci, da duk mai gonar da ke gefenta, da ardon makiyayan da ke bi ta wurin. Yanzu ne lokacinsa tun ba a yi shuka ba, don ba wanda zai yarda a cire masa gyaɗar da ta tsiro. A amince da faɗi, mita uku ga turbar da amalanke ke bi, har da lambatunta. A kuma nuna wa kowa inda bakin kowace kunya zai zubar da ruwa. Yawancin rigimar daga nan take tasowa: mai gona ya ga ruwa na shigar masa, ya fito da dare ya toshe bakin. In an zuba duwatsu a bakin aka dasa jema a jere, ruwan zai shiga gonar a baje, ba ya yanka. Jemar a dasa ta a Yuni in ƙasa ta jiƙa, santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Iyakar kuma a dasa aguwa, ita tun kafin ruwa ya sauka ake kafa ta, in ƙasa ta cika danshi ruɓewa take yi.

Shanu kada su hau turbar da aka ɗaga, garke ɗaya zai rushe gefunanta. Yankinku hanyar shanun kasuwar Adumri ce, don haka in akwai tsohon burtali da gonaki suka cinye, a buɗe shi tare da wannan aikin. In magana ta fi ƙarfin jauro da lamido, akwai kwamitin sasanta manoma da makiyaya da suparefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, ke shugabanta, bisa dokar 1978.

Abin da aka amince a rubuta shi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai wa komin, wato ƙaramar hukuma, kwafi. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta ɗora kula da hanyoyin karkara irin wannan a wuyan komin, saboda haka kuna da hurumin rubuta wa magajin gari ku nemi siminti da motar jigilar burji, ku nuna cewa ƙwadagon naku ne.

Magini Gidar:

Gaskiya ne Hajiya. Malam Ɗan Pitowa, ku raba turbar tsakanin unguwanni, kowace ta san nata yankin. Bayan kowane babban ruwa mutum biyu su bi da shebur su kwashe yashin bayan kunyoyi da ƙofofin fadama, su mayar da shi kan doron. Ku ajiye tulin dutse da burji a gefen gangarar tun yanzu, don a Agusta amalanke ba zai iya kawo muku ba.