Neman shawara: shekaruna 67, in sake sayen lasifika ko in haƙura haka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ina saurayi nake harkar kayan sauraron kiɗa. Da garmahon mahaifina na fara, na koma kaset. Da CD ta fito a 1982 na daɗe ban yarda da ita ba, daga baya na karɓa, amma ko faifai ɗaya ban yar ba. Amfilifayata, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin ta da ce mai bawul na gilashi, ga nauyi, yanzu ta fi ƙarfin bayana, sai yaro ya zo ya ɗaga min. Na yi ritaya, abin hannu ba kamar da ba. To na ji wasu lasifika a gidan abokina, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Maiɗakina ta ce ya isa haka. Ni kuwa nawa sun dushe, kuge ba ya fita tar kamar da. In saya ko in tsaya?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa aljihu je a auna maka kunne. Yaro yana jin sauti har kusan 20,000 Hz (ma'aunin sirantar sauti ke nan), amma da shekaru suka ja, siraran sautukan sama ne ke fara tafiya, domin ƙananan gashin can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ƙyallin kugen nan a sama yake. Babu lasifikar da za ta dawo maka da shi.

Mai Faifai: Injiniya, ban yarda ba. Makullin ƙarshe na fiyano bai kai 4,200 Hz ba, muryar mawaƙi kuma a tsakiya take. Baba, saya abinka, ka ji daɗinsa yanzu.

Uwar Biyu: Baba, don Allah ka saurari Mama. Mahaifinmu ya rasu ya bar irin kayan nan cike da ɗaki, babu wanda ya san darajarsu a cikinmu. Wani dillali ya kwashe su a banza. Har yau abin yana min ciwo.

Mai Gyara: Shekara nawa lasifikar? Soson gefenta yana ruɓewa, kafasito, wani ɗan kayan lantarki a cikinta, yana bushewa, allurar faifai ma tana cinyewa. Wataƙila gyara kawai take so. Amma mutane sun fi son sabo, in ka faɗi kuɗin gyara sai a ɗauke ka ɓarawo.

Mai tambaya: Na gode. Kunnena lafiya lau, ina jin agogon bango daga ɗaki. Kuma ai a gidan abokin nawa na ji kugen sarai. 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinku, amma yarana sun san kayana.

Tsohon Injiniya: Jin agogo ba awo ba ne, Malam. Gwajin asibiti yana bin sauti daga 250 zuwa 8,000 Hz, kowane kunne daban. Ɗakin abokinka kuma ba naka ba ne: labule, darduma da nisan lasifika da bango duk suna canza sauti. Sannan in an ɗan ƙara murya, kowane kaya sai ka ji kamar ya fi. Ka aro lasifikan abokin naka ka gwada a ɗakinka da murya daidai da ta naka.

Mai tambaya: Ba zai ba da aro ba, sayarwa zai yi, ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata. An rubuta 4 ohm a bayansu, wato ma'aunin yadda suke turje wa wutar lantarki. Amfilifayata za ta iya jansu?