Samanja: dariya muka yi wa soja, ko wanke mana shi aka yi?

Malam na Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ke cina tun rasuwar Usman Baba Pategi, wanda ya fito a Samanja, a watan Nuwamban 2023, Allah ya jiƙansa. A lokacin ana cikin ta'aziyya, ba wurin faɗa. Yanzu da ƙura ta lafa, ga ta: Samanja Mazan Fama wasan wanke soja ne. Ku dubi zamanin da ya taso a Kaduna, shekarun 1970, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, Gowon na kan mulki. Gidan talabijin na gwamnati, gwamnatin ta soja, mai wasan kuma shi kansa ya sa kaki ya je yaƙin. Da rana soja ya zane mutum da bulala a bakin titi, da dare a kunna mana akwati mu ga soja mai ban dariya, mu kwanta muna cewa ashe mutanen kirki ne. Ni ma na yi dariyar, har da hawaye. Amma aiki aka yi a kanmu.

Bakano: Wa alaikumus salam. Malam, yau kuma da mamaci za a fara?

Malam na Tudun Wada: Ban taɓa mutumin ba, wasan nake magana. Gwaninta kam Allah ya ba shi.

Maman Sadiya: Malam, da girmanka, amma ka yi maganar wanda ya kalli bariki daga bayan waya. Ni a ciki aka haife ni. Babanmu kofur ne, ɗaki ɗaya da ɗan baranda muke, mu da ƙannena da akwatunan mama. A duk layinmu talabijin ɗaya ce, ta wani saje, baƙi da fari, irin mai ƙofar katako da ake ja a rufe har da ɗan makulli. Ranar Samanja tun la'asar matarsa ke fito da ita baranda a ɗora kan tebur. Yara a ƙasa, iyaye mata da kujerun tsuguno, maza a tsaye a baya da singileti. In NEPA ta ɗauke wuta, wani ya ruga ya kwance batirin mota, in dai talabijin ɗin ta yarda. Ka san su wa suka fi kowa dariya? Sojojin. Wani har sai ya dafa bango. Da Samanja ya daka wa kurtu tsawa za ka ji an kira sunan samanjan barikinmu ƙasa-ƙasa, a sake fashewa. Su ba wanki suka gani ba, sun ga an kama maigidansu an kai kasuwa.

Baba Ritaya: 'Yata ta faɗi gaskiya. Ku farar hula ba ku san samanja ba, wato saje-manjo. Kurtu bai cika ganin kwamanda ba, sai ranar babban fareti. Wanda yake gani kullum, tun asuba, shi ne samanja. Shi ke duba takalminka da askinka da gugar kakinka, shi ke tura ka gadurum, shi ne tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji. Ko ƙaramin laftana sabon fitowa daga makaranta yana taka-tsantsan da shi, ko da yake a takarda ya fi shi muƙami. A ce an ɗauki wannan mutum an sa yara suna kwaikwayon tafiyarsa a lungu, wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. Mu da muka yi horo a Defot na Zariya mun san abin da ake nufi.

Malam na Tudun Wada: Baba, Allah ya ƙara girma, ai ka kawo mini hujjata da hannunka. Dariyar a kan samanja ta tsaya. Mai igiya aka ba mu mu yi wasa da shi. Wa ya yi juyin mulki a 1966, da 1975, da 1983, da 1985? Samanja ne? Wa aka naɗa gwamnonin jihohi? Manjo-manjo da kanar-kanar da birgediya. Duk wanda ya tuna ranar da aka mai da kanar abin dariya a wasan nan, ya faɗa mini, ina nan. A watan Afrilun 1978, lokacin zanga-zangar Ali Must Go, sojoji sun harbe ɗalibai a Samaru. A 1984 Doka ta 4 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian saboda labari. A ƙasar da ake haka, duk dariyar da aka bari ta fita a gidan gwamnati an auna ta.

Bakano: To in haka ne, wanne ne ba a auna ba? Mu a Kano Kuliya Manta Sabo muka fi riƙewa, marigayi Daudu Galadanci yana shari'a, ana kawo masa rigimar gado da ta aure da ta bashi. Shi ma sai ka ce wanke alƙalai ne? Karkuzu a Jos fa? Karambana na Kasimu Yero fa? Kowanne da saƙon da aka cusa masa: a kai yara makaranta, a yi rigakafi, a bar fasa-ƙwauri, a bi layi lokacin WAI, yaƙi da rashin ɗa'a. Cock Crow at Dawn, wanda shi Kasimu Yero ya fito a Gaga, ai don a ja hankalin mutane ga noma aka yi shi, bankin UBA ya ɗauki nauyi. Wayar da kai ake ce masa, kuma ba a ɓoye ba. Kai ne dai yau ka canza masa suna.

Malam na Tudun Wada: Alƙali bai riƙe bindiga ya karɓi gidan rediyo da asuba ba.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu nan ta Rediyon Kaduna muka san Samanja, muryar muka sani kafin fuska. Tsofaffinmu ba su rabuwa da tashar. Kuma abin da Malam ke faɗi ba baƙo ba ne gare mu. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, wasan kwaikwayo na Hausa ya yi ƙarfi ƙwarai a talabijin ɗin Nijar, su Yazi Dogo. Ana taɓa ma'aikacin gwamnati mai cin hanci, ana taɓa ɗan kasuwa mai ɓoye kaya, jama'a na jin daɗi. Sama da nan ba a hawa, kowa ya san iyakar. Amma ni ban ɗauki 'yan wasan a matsayin 'yan koren kowa ba. Filin da suka samu suka noma.

Auta: Iyayena ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni ban riski wannan zamani ba, a YouTube na ga wasu guntaye. Gaskiya ban yi dariya ba. Sauti na shaƙewa, kyamara a kafe wuri ɗaya, magana ta yi tsawo. Anya ba don tasha ɗaya gare ku ba, ba zaɓi, shi ya sa komai aka sa muku ya zama abin tarihi?

Maman Sadiya: Auta, tasha ɗaya ce, gaskiyarka. Sai yamma ake buɗe ta, a rufe da taken ƙasa kafin dare ya raba sosai. Amma kada ka ɗauka komai muke haɗiya. Da an fara labaran ƙarfe tara na Turanci baranda ke watsewa, sai maza biyu-uku. Akwai shirye-shiryen da ko kyauta ba mai zama. Samanja kuwa mata na sauke tukunya da wuri saboda shi. Abin da ba za ka ji a guntun bidiyo ba shi ne harshen. Mutumin nan Banufe ne daga Pategi, ɗan gidan sarauta ma, kuma ya kama Hausar bariki daidai yadda take: namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, a jefa Turancin fareti a tsakiya, a ƙarasa da buroka. Haka maƙwabtanmu ke magana, Tibi da Bachama da Angas da Idoma da Dakarkari. Haka mu ma muke yi in mun shiga gida. A makarantar cikin gari kuwa da ka buɗe baki za a ce 'yar bariki, kuma kun san abin da ake nufi da wannan a bakin mutanen gari, ba yabo ba ne. Ranar da wannan Hausar tamu ta fito a talabijin, manya na sauraro, 'yan ajinmu suka koma roƙona in yi musu irin ta Samanja da Mutuwa Dole na cikin wasan. Malam ya ce an wanke soja. Ni dai na san an ɗan wanke mu, 'ya'yansu, kuma muna bukata.

Bakano: Hajiya, a nan kam zan ɗan saɓa miki. Wancan na farko na Kaduna, na Hausa, shi ne Samanja. Da aka ɗauke shi zuwa shirin ƙasa baki ɗaya na NTA a shekarun 1980, buroka ta rinjayi Hausar don mutanen Kudu su gane. Daga nan gishirin ya ragu. Daɗin abin ai shi ne ka san daidai, ka ji an karya. In duka maganar ta koma buroka, me aka karya?

Na Sabon Gari: Bakano, kai ka yi asara, wasu sun samu. Gidan haya muka tashi a Sabon Garin Zariya, mai talabijin ɗin gidan Inyamuri ne mai sayar da kayan gyaran mota, ya dawo bayan yaƙi ya sake kafa shago. Ɗakinsa muke cika. Ranar New Masquerade shi ke fassara mana Turancin Zebrudaya, ranar Samanja mu ke fassara masa, har lokacin da ya daina bukatar tafinta. Ku tsaya ku duba: mutumin da ya gudu daga Arewa a 1966, yaƙi ya ci 'yan'uwansa, ga shi zaune yana ƙyaƙyata wa sojan tarayya. Bai taɓa yi mana zancen yaƙin ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Malam na Tudun Wada: Madalla. Ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, a yi sulhu. Sojan da bai fi dubu 10 ba kafin yaƙi ya kai wajen dubu 250 bayansa. Barikoki ba su isa ba, sojoji suka bazu cikin gari suna haya, ana ta samun rigima da farar hula a kasuwa da tasha da gidajen giya. Ana bukatar wanda zai sa mutane su saki jiki da kaki. Samanja ya yi wannan aiki, kuma ya iya.

Na Sabon Gari: To laifi ne a sa mutane su saki jiki da juna bayan yaƙi?

Malam na Tudun Wada: Da juna, ba laifi. Da mulkin soja fa? Mu da muka tashi a gaban akwatin nan, mu ne muka fito muna murna a ƙarshen Disambar 1983 da aka kifar da Shagari. Ban ce wasa ɗaya ya jawo ba, tsadar shinkafa da maguɗin zaɓe sun isa. Amma an riga an saba mana da cewa soja mai tsawa ne mai zuciyar kirki, in ya zage ka don gyara ne.

Maman Sadiya: Kai Malam! Yanzu har juyin mulkin Buhari za a rataya wa Samanja? Mutanen Legas da Inugu da suka yi murna a ranar, su ma Hausar bariki suka sha?

Baba Ritaya: Ku dakata. Malam yana da gaskiya a wani wuri, sai dai ba inda yake nunawa ba. Shi bulalar titi ce ta dame shi. Bulala kowa ya gan ta da idonsa, ba wasan da zai ɓoye ta. Abin da ban tuna na gani a akwatin ba shi ne namu na ciki. Waɗanda suka dawo daga daji ba ƙafa. Waɗanda suka dawo kai ya taɓu, suna magana su kaɗai a bayan kantin bariki. Matan da aka ce su kwashe kaya su bar ɗaki saboda mai ɗakin bai dawo ba. Da aka zo rage yawan soja bayan Gowon, mutum ya shiga da ƙuruciyarsa, a sallame shi ba sana'a, ya ƙare a gadin gidan wani. Daga baya kuma layin fansho, tsoho ya kwana a kan kwali yana jiran a tantance shi. Pategi ya san duk wannan, ya je yaƙin, ya fi mu sanin abin da za a bari ya fita. Saboda haka in wanki aka yi, ba ƙaramin soja aka yi wa ba. Mu an nuna mu muna shirme ana dariya, mun ji daɗi an san da mu. Waɗanda suka ci ribar shirun suna gidajen GRA.

Auta: Baba, to me ya sa kuke son wasan har yanzu?

Baba Ritaya: Saboda ya iya, yaro. Kuma a wancan lokaci in ba shi ba, ba wanda ya taɓa sa mai igiya a gaban kyamara sai in fareti ake ana wucewa.

Bakano: Ni roƙona ɗaya. Duk wanda ke da na Hausar, na kafin a kai shi shirin ƙasa, ko a tsohon kaset ne, ya taimaka a juya. A zauna a kalla tun daga farko, sai a ga ko akwai kanar ɗin da Malam ke nema.

Malam na Tudun Wada: Ko manjo aka samu na karɓa.