Eriya sitadis da Hausa, mi za mu kira shi?

Jama'a assalamu alaikum, ku taimaka mu tsai da magana ɗaya kan sunan wanga kwas da ake cewa eriya sitadis, don yaranmu na cika fom ɗin JAMB suna ganin irinsa, amma in iyaye sun tambaya mi kake son karantawa a jami'a sai yaro ya yi ta kame-kame.

Ga abin da kwas ɗin yake. Za ka ɗauki wani sashe na duniya, kamar Sahel ko Gabas ta Tsakiya, ka karanci harshen mutanen, tarihinsu, addininsu, siyasarsu da kasuwancinsu, duk a digiri ɗaya. A Amurka abin ya yi ƙarfi bayan yaƙin duniya na biyu, a 1958 gwamnati ta yi dokar da ta zuba kuɗi a koyon harsunan waje don sanin abokan hamayya. Nan gida kuma Jami'ar Ibadan ta buɗe cibiyar nazarin Afirka a 1962, mu riƙa nazarin kanmu da kanmu.

Wasu sun ce a kira shi labarin ƙasa. A'a wallahi, wannan jogirafi ya riga ya ɗauke tun firamare. Wani malami ya kawo nazarin nahiya, yana da daɗin faɗi amma Sahel ba nahiya ba ce, Gabas ta Tsakiya ma haka. Nazarin shiyya kuwa 'yan siyasa sun cinye kalmar, da ka faɗa hankali ya tafi shiyyar sanata.

Saura nazarin yanki, shi ne mafi yawa suka zaɓa, ni ma na fi karkata can, sai dai shi kaɗai bai wadatar ba. Ka ce wa dattijo a Bunza ɗansa na nazarin yanki zai ɗauka safiyo ne mai awon filaye, alhali mutane ne zuciyar karatun. Ku ɗauki Dandi misali, ƙasa ce da ta ratsa Kebbi da Nijar da Benin, ɗalibin da zai nazarce ta dole ya ji Dandanci ko Zabarmanci, ya san yadda daular Sanwai ta taɓa wurin, ya san labarin Kanta sarkin Kabi da birninsa Surame, ya ɗan iya Faransanci saboda takardun da ke Yamai, sannan ya zauna Kamba ta Kebbi ya ga yadda kaya ke tafiya Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin da yadda naira da sefa ke juyawa hannun 'yan canji. Taswira ba ta ba ka wannan, sai ka zauna da mutane.

Don haka abin da nike ganin mu tsaya a kai shi ne Nazarin Yanki da Al'umma. Yana da ɗan tsawo na sani, amma yana karɓar kowane suna ba wahala, Nazarin Yankin Sahel da Al'ummarsa, Nazarin Yankin Tafkin Chadi da Al'ummarsa, wanda ya karanta kuma a ce masanin yankin kaza.

Malamanmu na Hausa a jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, don Allah ku duba mana, in ya yi ku sa shi a bakin ɗalibai da gidajen rediyo, in akwai gyara ku kawo kafin a fara cika fom na bana.