Kafin ka yarda da alƙaluman gwamna kan aikin yi

A wata tattaunawa da aka yi kan alƙaluman aikin yi da gwamnoni ke bayarwa, shawarar da aka fi nanatawa ita ce: idan gwamna ya ce ya samar da ayyuka dubu kaza, a tambaye shi daga yaushe ya fara ƙirga. A Afrilun 2020 korona ta kai rashin aikin yi a Amurka kusan kashi 15 cikin 100, don haka duk wanda ya fara lissafi daga nan zai fito kamar gwarzo, ko bai tsinana komai ba.

An daɗe kan ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A wurinta marar aiki shi ne wanda ba ya aiki, yana nema, kuma a shirye yake ya kama. Wanda ya gaji ya daina nema ya fita daga lissafi, sai adadin ya sauka alhali babu wanda ya samu komai. Aikin awa 1 a mako kuwa, shi ma aiki ne. Nan, a ganina, aka fi yi wa mutane rufa-ido.

Wasu sun ƙara da cewa a kwatanta jihar da maƙwabtanta, a duba ƙaruwar jama'arta, sannan a tambayi nawa sababbin ayyukan ke biya.