Gambo sunan maza ne ko na mata, kuma me ya sa ake gudunsa yanzu?

Maman Hassana, Agege:
Assalamu alaikum. Allah ya sauke ni lafiya, an samu 'ya mace, ita ce ta biyo tagwayena Hassana da Husaina. An raɗa mata Maryam, amma tun da Hajiyarsu maigida ta zo daga Katsina Gambo take kiranta, har maƙwabta sun kama. Shi maigida ba ya so, wai sunan maza ne, kuma na mutanen da. Ni kuwa ina son sunan har cikin raina, don shi ƙanwar kakata ta amsa har ta koma ga Allah. Masu sani, ina asalinsa, kuma na wa ne?

Baba Mai Goro, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya Maryam bisa sunna. Hajiya ce da gaskiya. Gambo laƙabi ne, ba sunan yanka ba, kuma duk wanda ya biyo tagwaye shi ne Gambo, namiji ko mace. Haka Auta yake, babu ruwansa da jinsi. Iyayenmu suna duba yadda yaro ya zo duniya su laƙaba masa, kamar Talatu da Jummai, ko Azumi da Ɗan'azumi.

Ki tuna wa maigidanki Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Hajaratu ne sunanta na yanka, an haife ta a 1933 bayan tagwaye. Ta shiga jam'iyyar siyasa ta NEPU tana yarinya, ta sha ɗauri da duka saboda neman wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, ta rasu a 2001. Yau ga babban asibiti a Zariya da sunanta. A maza kuma akwai Muhammadu Gambo Jimeta, wanda ya zama Sufeto Janar na 'yan sanda a 1986, lokacin hedikwatar tana nan Legas. Ni dai ban ga abin kunya a sunan da mace irin Sawaba ta ɗauka ba, kuma yana yi mini ciwo in ga muna zubar da shi.

Malama Ummu Khalil, Mile 12:
Baba ya gama magana kan asali. Ja da bayan kuwa ina ganinsa a rajistar Islamiyyarmu. Tagwaye ba su ƙare ba, ƙannensu ma suna zuwa, amma sai ki ji Amira, Hanifa, Walida, Khalifa. Da can alkunya ce ke raya laƙabi, uwa ba ta iya kiran sunan surukinta ko na ɗan fari, dole a nemo wani. Alkunyar tana nan, laƙabin ne ya koma na Larabci, ana ganin na Hausa ƙauyanci ne. Ga kuma takardar haihuwa da makarantar boko, abin da aka rubuta shi ke bin yaro.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne maƙwabtanmu Yarabawa. Su ma wanda ya biyo tagwaye, wato Taiwo da Kehinde, sunansa Idowu, mace ko namiji, na bayansa Alaba. Har gobe za ki ga likita ko lauya yana amsa Idowu, bai ga ya rage shi da komai ba.

Gambo Direba, Alaba Rago:
Yaya, ni Gambo ne, kuma akwai Gambo mace a 'yan uwan mahaifiyata, ba a taɓa rikita mu ba. Shawarata ɗaya: a bar Maryam a takardar haihuwa da katin asibiti, kada a haɗa biyu. Ni Gambo aka rubuta mini a firamare, Usman a katin ɗan ƙasa, sai da na yi rantsuwa a kotu kafin banki ya yarda mutum ɗaya ne. A gida kuwa a kira ta Gambo, kuma ki bar Hajiya ta yi wa ɗanta bayani da kanta, zai fi jin nata.