Ina son shiga harkar fim: in koma makaranta ne ko in tafi Kano?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 22, a Funtuwa nake, ina ɗinki a shagon yayana tun da na gama sakandare. Tun ina aji uku ni ake ba boka ko sarki duk ranar da za a yi dirama a makaranta, har yau wasu abokaina Boka suke kirana. Abin ya ƙi fita daga raina. A watan jiya wani ya yi min magana a WhatsApp, wai shi yaron wani furodusa ne, in turo naira dubu 35 kuɗin fom da katin shaida, za a sa ni a fim mai dogon zango. Na haɗa dubu 20, ban tura ba tukuna. Wani malaminmu kuma ya ce in sake zana JAMB in karanci wasan kwaikwayo a jami'a. Baba ko zancen ba ya so a yi a gabansa. Shin abin nan koyonsa ake yi, ko baiwa ce kawai? Ta ina zan fara?

Mai haska fitila a lokeshan (wurin ɗaukar fim): Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara mayar da dubu 20 ɗin nan aljihu. Furodusa shi ke sallamar ɗan wasa, ko da kuɗin mota ne. Rajistar gaske akwai ta, a MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, kuma ofis ne da ƙofa, da ƙafarka za ka je a ba ka rasit. Ka ce wa mutumin ku haɗu a ofishin maigidan nasa a Zoo Road, ka ga ko lambarsa za ta ƙara shiga.

Batun baiwa kuma, shekarata tara ina riƙe fitila, na ga masu baiwa da yawa sun daskare da aka ce "akshin". A dandamalin makaranta sau ɗaya kake yi, a tafa, a tashi. A lokeshan sin (fitowa ɗaya a fim) ɗin minti biyu sai ya ci awa uku. A ɗauke ku daga nesa, a matso a ɗauki fuskarka, a juya a ɗauki ta abokin maganarka, kai kuma kana maimaita magana ɗaya da fushi iri ɗaya. In da hannun dama ka ɗauki kofi a karon farko, da shi za ka ɗauka a na takwas, in ba haka ba mai kontiniti, wato mai lura kada ɗauka ta saɓa wa ta baya, ya tsayar da aiki. Wani lokacin ranar farko za a ɗauki mutuwar mahaifinka, sai ranar ƙarshe a ɗauki inda kuke hira da shi kuna dariya, domin gidan da ake ɗauka ake bi, ba jerin labari ba. Ga kyamara ba ta son zare ido da ɗaga murya irin na boka. Girarka ka motsa, ta gani. Duk wannan koyo ne, babu wanda aka haifa da shi.

'Yar'uwa daga Samaru: Ni kwas ɗin na karanta a ABU Zariya, shekara huɗu. Ka fara duba takardarka ta WAEC ko NECO: in ba ka da kiredit a Literature in English da Turanci, sai ka gyara, kuma Literature na cikin abin da za ka zana a JAMB. Akwai sashen a BUK ma, da Jami'ar Jos. Kada ka zaci kullum kana kan dandamali. Akwai karatun tarihi da nazari mai yawa, da Turanci, akwai rubuta wasa, ba da umarni, tsara kaya da haske. Abin da ya fi amfanata horon murya da numfashi, da rihazal na dare a Drama Village, dandamalin wasan sashen a ABU, inda za ka yi makonni kan wasa ɗaya har ka daina haddar kalmomi ka fara sauraren abokin wasanka. Sai kuma fita ƙauyuka wasan wayar da kai, wanda ABU ta yi suna a kansa. Amma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa jin daraktan Kannywood ya ce a kawo shaidar digiri ba. A ajinmu waɗanda suka zama 'yan wasa ba su da yawa. Wasu suna rediyo, wasu koyarwa, ni ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta.

Ɗan Fagge: Shekara huɗu don ka koyi kuka? Samanja da Ƙarƙuzu wace jami'ar dirama suka je? Ka shigo Kano ka kama ubangida kawai.

'Yar'uwa daga Samaru: Sun yi shekaru suna wasa a rediyo da talabijin mako bayan mako, malam. Makarantar kenan. Ƙungiyar Tumbin Giwa ma ta daɗe tana wasan daɓe kafin ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Ƙungiyoyin nan su ne suka yi ƙaranci yanzu, shi ya sa yaro ke tashi daga TikTok ya faɗa gaban kyamara.

Wani mai tace hoto, Jos: Akwai hanya ta uku. Makarantar koyon aikin fim ta National Film Institute da ke nan Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a 2024, ta fi ƙarfi a aikin bayan kyamara: ɗauka, sauti, tacewa. Amma ni abin da na hango a saƙonka shi ne keken ɗinkinka. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu aka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, fim mai dogon zango ake yi, kuma kowane zango yana cin kaya: rigar dogari, kayan 'yan sanda, tsummokaran mahaukaci. Mai kula da sutura kullum yana lokeshan, ana biyansa, darakta ya san fuskarsa. Ranar da mai fitowa a masinja bai zo ba, wa kake jin za a waiwaya a kira? Sabon ɗan wasa kuwa sai ya wuni tun safe don sin ɗaya, abin da za a ba shi bai kai ɗinkin kaftani biyu ba, wata biyu kuma ba a sake nemansa ba. Kada ka sayar da keken nan.

Hajiya, tsohuwar malamar Hausa: Ɗana, duk sun yi maganar Kano da Zariya, ba wanda ya taɓo Baba. Kada ka sulale ka tafi. Ka samu kawunka ko wani aminin mahaifinka da yake jin nauyinsa, shi zai kai maganar. Ba kyamara ce ke damun dattijo ba, yana tunanin wa za ka zauna da shi, ina za ka kwana, me za a ce a masallacin unguwa. In ka zo masa da takardar shiga jami'a, ko da sunan shagon da za ka yi ɗinki a Kano da wanda zai tsaya maka, maganar ta sauya. Sannan ka gyara Hausarka. Ina kashe talabijin in na ji an sa yaro ya fito a dattijon ƙauye yana jefa Turanci. Shagonku cike yake da malamai: yadda mai kuɗi ke taya ɗinki daban, yadda wanda aka saɓa wa alkawari ranar jajibirin Sallah ke shigowa daban. Ka kasa kunne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya mai fitila, na tura masa saƙon haɗuwa a ofis tun azahar, ya karanta, yanzu ko hotonsa ba na gani. Na duba takardata, D7 gare ni a Literature, sai dai in sake zama. Hajiya, Kawu zai zo ɗaurin aure ranar Asabar, zan same shi bayan an watse. Yaya na Jos, in na ɗinka rigar dogari guda biyu na ɗauki hoto, wa ake nuna wa, furodusa ko mai kula da suturar?